Fijo, Marsandi ko Golf: Awon Tsohuwar Mota a Hanyar Batsari da Safana

Duk inda masu sha'awar tsofaffin motoci suka haɗu, gardamarsu ba ta wuce ma'auni uku: ƙarfin mota a hanya, daɗin zama a cikinta, da kyanta a ido. Ma'aunan daidai suke, sai dai kowannensu yana sauya ma'ana gwargwadon hanyar da za a bi. Abin da mazaunin Abuja yake kira ƙarfi shi ne yadda mota ke cin kwalta tsakanin Zuba da Kaduna. Mutumin Batsari kuwa, idan ya ce mota tana da ƙarfi, yana nufin ta ɗauki mutane da buhunan gero, ta ratsa yashin rafi, ta fito ba a tura ta ba. Shi ya sa shawarwarin da ake karantawa a intanet game da sayen mota ba kasafai suke amfanar wanda zai ajiye tasa a yammacin Jihar Katsina ba.

Motoci uku zan ɗora a sikeli a wannan makon: Fijo 504 mai dogon baya, Marsandi 200 irin wadda kamfaninta ya yi wa lamba W123, da Golf 3 mai dogon baya. Larura ce ta sa na san su kusa da kusa. Bara mu 'ya'yan gidanmu da ke aiki a Katsina, Kaduna da Abuja muka haɗa kuɗi domin a ajiye mota a gida, a wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana. Mahaifiyarmu ta manyanta, tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma duk wata sai ta ga likita a Katsina. Ga matan ƙannenmu masu haihuwa, ga amfanin gona da ake kaiwa kasuwa. Abin da muka tara bai kai kuɗin Hilux ba ko da tsohuwa, don haka zaɓi ya tsaya a kan waɗannan ukun da muka samu masu sayarwa, kuma ni aka ɗora wa zuwa dubawa.

Kowace ta samu mai goya mata baya. Kawunmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙin haya tsakanin Katsina da Kaduna, Fijo yake so. Babban yayanmu ya tsaya a kan Marsandi. Ƙanwarmu, ma'aikaciyar jinya, ta ce ita ba ruwanta da suna, a dai sayo wadda za a iya kwantar da marar lafiya a ciki.

Yadda kowace ta iso mana

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta shekara. A 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji da bashin sayen mota suka shiga aljihun ma'aikata. A zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, manufar rage facaka ta mayar da 504 motar manyan jami'an gwamnati. Daga nan ta zama ta kowa: ta hedimasta, ta alƙali, ta 'yan sanda, mai dogon baya ta haya, a-kori-kura kuma ta manoma da 'yan kasuwar ƙauye. A Turai an daina ƙera ta fasinja a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan ko autar 504 a yau ta doshi shekara ashirin, galibinsu kuwa sun haura talatin.

Marsandi W123 an ƙera ta a Jamus daga 1976 zuwa 1986, kusan guda miliyan 2.7. Ba a harhaɗa ta a Nijeriya ba. Masana'antar Marsandi da ke Inugu manyan motoci ta yi. Shigo da ita ake yi, kuma tun farko ta zama motar attajirai da masu sarauta. Har yanzu akwai dattawan da, in sun ce wane ya yi arziki, hoton da ke zuwa musu a rai shi ne tauraron nan a kan hancin mota.

Golf 3 ita ce ƙarama a cikinsu. Ta fito a 1991, mai dogon bayanta kuma a 1993. Ta iso mana a matsayin kwance. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwa ta koma ga motocin da Turawa suka gama hawa. Ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a ratso da su ta Nijar zuwa Maraɗi, su shigo mana ta Jibiya. Daga nan sunan "'yar Kwatano" ya samo asali. Sannu a hankali Golf ta ƙwace tashoshin mota daga hannun Fijo, har ta zama abin da ake nufi idan an ce motar haya a yawancin hanyoyin Jihar Katsina.

Ƙarfi

Hanyar gidanmu kashi biyu ce. Akwai kwalta daga Katsina, mai kyau a wani wuri, mai ramuka a wani. Sai kuma a sauka a kan burji mai gargada, a bi ta cikin gonaki, a tsallaka rafi wanda da rani yashi ne zalla, da damina kuma laka da ruwa. Kashi na biyun shi ke raba gardama.

Tambayar farko ita ce: waɗanne tayoyi ne ke tura motar? Fijo da Marsandi da tayoyin baya suke tafiya, Golf kuwa da na gaba. Taya ba ta kama ƙasa sai da nauyi a kanta. Idan aka loda buhuna a bayan Fijo, nauyin yana sauka ne a kan tayoyin da ke aiki, don haka lodi yana ƙara mata riƙo. Idan aka yi wa Golf irin wannan lodin, bayanta zai zauna, hancinta ya ɗaga, tayoyin da ke ja su yi sakayau. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga Golf cike da kaya tana ta tono yashi a gangaren rafi, fasinjoji sun sauko suna turi.

Na biyu shi ne tazarar cikin mota da ƙasa, da kuma nisan da taya ke iya hawa da sauka kafin bodi ya ji. Fijo tana da tsayi, sifirin ɗinta kuma masu laushi ne, masu doguwar tafiya. Idan taya ɗaya ta faɗa rami, sauran suna nan a ƙasa. Farfelar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta daga dutse da kututture. Bayan mai dogon baya kuma a kan aksil guda mai ƙwari yake, wanda aka yi domin kaya. Ba banza ba 504 ta ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, bayan yayarta 404 ta ci sau huɗu a shekarun 1960. Golf an yi ta ne domin titunan Jamus. Cikinta a ƙasa yake, kuma tukunyar baƙin mai ita ce ke fara gaisawa da dutse. In ta fashe direba bai lura ba, inji ya tafi.

Marsandi ƙarfinta na wani fanni ne. Injinta da giyarta suna da juriyar da ta zama abin misali, kuma a kan kwalta ba ta san gajiya ba. Amma ta fi sauran nauyi, kuma ƙaramar mota ce mai but, ba mai dogon baya ba. A yashi nauyin nan nutsar da ita yake, in kuma ta kafe, fitar da ita aikin majiya ƙarfi ne da yawa.

Da an tsaya a nan da Fijo ta yi nasara babu tantama. Amma da zarar an hau kwalta lissafi ya juya. Golf ta fi sauƙin nauyi, ta fi saurin ɗaukar gudu, ta fi sauƙin wuce babbar mota a hanya mai layi ɗaya. Uwa-uba ta fi tsimin mai. Injin Fijo mai lita 2 da kafireto yake aiki, fasahar shekarun 1960, na Marsandi 200 ma da kafireto ne. Golf kuwa injekta gare ta, wadda ke auna man da inji ke bukata ta ba shi daidai. Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ana iya kau da kai daga wannan bambanci. Daga 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai, farashi ya haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ya tsallake naira 1,000. Motar da za ta je Katsina ta dawo sau da yawa a wata, shan manta ya zama kashi na ƙarfinta, domin motar da babu kuɗin zuba mata mai a ƙofar gida take kwana.

Daɗin zama

Daɗin mota yana farawa daga tazarar tayoyin gaba da na baya. Na Fijo mai dogon baya mita 2.9 ne, na Marsandi ya kusa 2.8, na Golf kuwa bai kai mita biyu da rabi ba. Gwargwadon tsawon wannan tazara, gwargwadon yadda mota ke rage sunkuyo da ɗagowa idan ta hau tudu ko ta faɗa kwari. Gajeriyar mota kamar jaki take a kan gargada, doguwa kuma kamar raƙumi mai taku a natse.

Na zauna a bayan kowace, aka bi da ni hanya marar kyau. A cikin Fijo, duk da tsufanta, ramin da ido ya gani ya tsorata sai ka ji an wuce shi kamar an taka katifa. Kujerunta masu taushi ne, mutum yana nutsewa a ciki. Marsandi daɗinta na natsuwa ne: ƙofa tana rufuwa da nauyi, ƙarar waje tana raguwa, kujera tana da tauri kaɗan wanda bayan tafiyar awa uku za ka gode masa. Golf ba ta ɓoye maka komai. Kowane dutse sai ta sanar da ƙugunka. Sai dai a yi mata adalci: mafi yawanmu mun san ta ne a matsayin motar haya, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, shokazoba ta daɗe da mutuwa. Golf da aka gyara wa ƙafafu, ta ɗauki mutum huɗu, ba ta kai munin sunan da ta yi ba.

Zancen sanyaya ɗaki kuwa duk kanwar ja ce. A cikin ukun da na duba babu wadda na'urar sanyinta ke aiki, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai wa digiri 40, gilashin da ke sauka ba tare da gardama ba shi ne abin nema.

A nan ne tambayar ƙanwarmu ta shigo. Daɗin zama ga mai lafiya daban, ga mai naƙuda ko tsohuwar da jiri ya kwasa daban. Kujerar bayan Marsandi tana da faɗi, amma babba ba zai miƙe a kanta ba sai ya lanƙwashe ƙafa, kuma shigar da wanda ba ya iya tsayuwa ta ƙofar gefe wahala ce. Masu dogon baya biyun ana buɗe su ta baya. A Golf ana kwantar da kujerar baya a shimfiɗa katifa. A Fijo, in aka cire kujerar can ƙurya, wurin ya fi yalwa, har mai jinya ta zauna a gefe. Da yayanmu ya ci gaba da yabon kujerun Marsandi, sai ta ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri. Inna za mu riƙa kaiwa asibiti, ba ɗaurin aure ba."

Akwai kuma abin da ba a jin daɗinsa sai ranar haɗari. Tsakanin zanen 504 da na Golf 3 akwai shekara fiye da ashirin, kuma a cikinsu masu ƙera motoci sun koyi abubuwa da yawa game da yadda gaban mota zai lotse ya shanye bugu, ɗakin fasinja ya tsira. Kaurin ƙarfe a ido ba shi ne kariya ba, balle ƙarfen da tsatsa ta ci ta ciki aka rufe da fenti.

Kyau

Idan ana zancen kyau zalla, ni Fijo nake gani. Kamfanin zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya fitar da surarta, kuma har yau fitilun nan nata masu kusurwa suna ba ta fuska irin ta mai tunani. Mai dogon baya tana da wani ɗan tashi a rufinta ta baya wanda ke sa ta zama kamar a shirye take ta yi tafiya ko tana tsaye. Ga mu da muka tashi muna ganinta a ƙofar makaranta da ta asibiti, kyanta ya gauraya da tunawa, ba ma iya raba su.

Marsandi kyanta na kwarjini ne: faffaɗan hanci mai ƙyalli, tauraro, layuka miƙaƙƙu babu wasa. Hatta fitilunta na baya masu gurbi-gurbi da dalili aka yi su, domin ko ƙura ta rufe tudun, kwarin zai ci gaba da haske. Golf kuwa babu mai waiwayenta. An zana ta da tsafta, amma ta yi yawa har ido ya daina ganinta, kamar tunkiya a kasuwar dabbobi.

A wani wuri da wannan ya zama aibinta. A ƙasar Ruma da gefen dajin Rugu, shekarun da suka wuce sun koya wa mutane wani karatu. Inda ake satar mutane domin kuɗin fansa, abin da mota ke faɗa game da mai ita ya zama maganar rai. Marsandi mai sheƙi a ƙofar gidan ƙauye shela ce cewa gidan nan yana da 'ya'ya a birni. Ba a bukatar ta kasance mai tsada. A gaskiya ma wadda muka gani ba ta fi Golf ɗin kuɗi ba. Sunanta ne ke magana. Yayanmu yana son a ga Inna a cikin motar da ta dace da darajarta, kuma wannan buri ne na ɗa nagari. Amma motar da ta saje da na haya, wadda mai leƙe a bakin hanya ba zai tuna ya gan ta ba, ita ce ta fi yi mata hidima.

Ranar da abu ya ɓaci

Waɗannan ma'aunai uku ba masu mota kaɗai ke amfani da su ba. A Turai da Amurka, masu sayen tsofaffin jiragen ruwa na shaƙatawa, irin masu tafiya da iska, da su suke gardama: wanne ya fi gudu, wanne ya fi daɗin kwana, wanne ya fi kyan sura. Akwai wani abin da ya faru da su wanda ya dace da zancenmu. A watan Agustan 1979 jirage 303 suka tashi daga kudancin Ingila domin tseren Fastnet, wanda ake zagayo wani dutse a gabar Ailan a dawo. Guguwa ta riske su a tsakiyar teku. 'Yan tsere 15 suka rasu, kuma jiragen da suka kammala ba su kai 90 ba. A rukunin ƙananan jirage, guda ɗaya tak ya kai ƙarshe, wani mai suna Assent, samfurin Contessa 32: matsattse a ciki, mai nauyi a ƙasa, wanda in igiyar ruwa ta kwantar da shi yake miƙewa da kansa. Jirage da yawa da suka fi shi yalwar ɗaki da gudu a rana mai kyau ba su iya hakan ba. Tun daga lokacin, mai sayen tsohon jirgi da hankali yakan ƙara tambaya ta huɗu: yaya zai yi a rana mafi muni?

Tamu rana mafi muni ba guguwa ba ce. Ita ce mota ta mutu da yamma a tsakanin gari da gari. A watan Satumban 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana, aka kuma taƙaita sayar da fetur. Watanni aka yi a haka. Duk wanda ya bi waɗannan hanyoyi a lokacin ya san ma'anar mota ta tsaya alhali babu yadda za ka kira kowa. Ko yanzu da waya ke aiki, babu mai son magariba ta same shi a gefen hanya da murfin inji a buɗe.

Tsohuwar mota kuwa dole wata rana ta tsaya. Don haka tambaya ta huɗu a wurinmu kashi biyu ce: sau nawa take lalacewa, kuma in ta lalace, wa zai tashe ta, da me, cikin awa nawa?

A kan takarda Fijo ce amsar. Injinta a fili yake, babu kwamfuta a ciki. Da sufana, sukudireba da ɗan waya ana iya lallaba kafireto a kai gari. Hatta in inji ya gaji, ana zare hannayen rigar da fistin ke gudu a ciki a sa sababbi, ya dawo kamar jiya aka yi shi. Wannan sauƙin ne ya sa ta yi sarauta shekara talatin. Amma da na zauna da wani dattijon bakanike a Dutsin-ma, wanda a kan Fijo ya koyi sana'a, sai ya nuna mini yaransa biyar. Ya ce, "Yallaɓai, duk cikinsu babu wanda zai saita maka kafireto da kunne. Golf suka sani, sai babur. Kayanta na asali kuma sun yi wuya. Abin da ke kasuwa yanzu, ka sa yau, bayan wata biyu ka dawo." Ya ƙara da cewa Fijo ba ta yafe zafi: lagireto ya toshe, direba ya yi sakaci, gasket ya ƙone.

Marsandi ita ce mafi ƙarancin lalacewa a cikinsu idan ta samu kulawa. Amma ranar da ta nemi wani abu, sai an aika Katsina, wani lokaci sai kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, motar kuma tana zaune kwana uku ko mako.

Golf ta fi su ƙananan cututtuka: wayoyi da suka tsufa, na'urorin auna iska da zafi, famfon mai, bel ɗin inji da ke son a canza shi a kan lokaci. Tana da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki wadda ba a gyara ta da guduma. Amma a kowace tasha daga Jibiya zuwa Dutsin-ma akwai wanda ya san waɗannan cututtuka kamar yunwar cikinsa. Kayanta na kwance suna nan a shaguna. In ta tsaya a hanya, motar haya ta gaba da za ta wuce mai yiwuwa 'yar'uwarta ce, direban ya san inda zai taɓa, wataƙila ma yana da abin da ake nema a but.

Wannan shi ne abin da binciken ya koya mini. Juriyar tsohuwar mota rabi a jikinta take, rabi a jikin garin da take zaune. A Maroko, Marsandi W123 ta yi shekaru tana aikin tasi tsakanin garuruwa, domin kowane gari yana da makanikanta da kayanta. A Senegal, Fijo mai dogon baya ta daɗe tana ɗaukar fasinja bakwai-bakwai saboda wannan dalilin. Ƙarfen iri ɗaya ne da wanda ke wurinmu. Abin da ya bambanta shi ne jama'ar da ke kewaye da shi. A Batsari da Safana, jama'ar Fijo ta tsufa tare da ita, ta Marsandi ba ta taɓa yawa ba, ta Golf ce ke da rai a yanzu.

Abin da muka yi

Golf muka saya. Kafin ta tafi gida an canza bel ɗin inji da famfon ruwa, an wanke lagireto, an sa sababbin shokazoba da tayoyi huɗu, an ɗan ɗaga ta, mai walda kuma ya yi mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Muka kafa sharuɗɗa: ba a tashi daga Katsina bayan la'asar, ba a barin tanki ya sauka ƙasa da rabi, kuma kayan da Fijo za ta kwashe a sawu ɗaya, a yi musu biyu.

Mun san abin da muka rasa. A tsakiyar damina akwai ranakun da ba ta iya tsallaka rafin, sai a bar ta a gidan wani ɗan'uwa a bakin kwalta a ƙarasa da babur, abin da Fijo ba za ta bukata ba sai ruwa ya yi yawa ƙwarai. Inna tana jin gargadar hanya a bayanta. Kawu kuwa, wanda shi ke tuƙa ta, har yau bai sauka daga ra'ayinsa ba. Ranar da ya fara zagaya ta ya ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa ya ce mini, "Ɗana, waccan ita ce mota. Wannan gwangwanin madara ne aka sa ma taya." Ban yi masa musu ba, domin ta fuskar ƙira yana da gaskiya. Da a 1990 muke, da Fijo za mu saya ba tare da dogon zama ba.

Ga wanda ke shirin ajiye mota a garinsu, shawarata ita ce ya jinkirta zuwa wurin dillali. Ya fara zuwa tashar garin ranar kasuwa ya ƙirga irin motocin da ke lodi. Ya zauna da bakaniken da ya fi kusa da gidansu ya tambaye shi abin da ya iya da abin da yake da kayansa. Ya tambayi matan gidan abin da za a fi ɗauka a motar, domin su suka san wanda ke ciwo da wadda ta kusa haihuwa. Bayan haka ne zancen gudu, kujera da fenti zai yi amfani. Kuma ya sani amsar ba ta dindindin ba ce. Golf 3 mafi ƙuruciya ta haura shekara ashirin da biyar, kuma tuni Sharan da ƙananan Toyota suka fara cin wurinta a tashoshi. Yaran da ke koyon aiki a gareji yau su ne za su faɗa mana motar da za a saya nan da shekara goma, don haka in ka je, ka leƙa ka ga injin da aka ba su su kwance.